Kiɗan Ganin Farko: Don Me Mai Goge Zai Buɗe Takardar Da Ta Fi Ƙarfinsa?

 Yau zan ɗan kauce wa hanyar da muka saba bi, in ja ku zuwa ga wata muhawara da ta daɗe tana tashi tana kwanciya a tsakanin masu kaɗa gogen Turawa, wato bayolin. Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada, domin in an bi maganar a tsanake maganar karatu ce, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar littafin da bai taɓa jin labarinsa a bakin kowa ba, ya ce bari dai in duba in gani, to da shi ake.

Ga yadda muhawarar take. Akwai wasu kaɗe-kaɗe da aka rubuta wa goge shi kaɗai tilo, ba fiyano a bayansa, ba ƙungiyar makaɗa da za ta rufa masa asiri, waɗanda tsananin wuyarsu ya sa ko manyan gwanaye sai sun shafe watanni suna fama kafin su fito da su gaban jama'a. Daga cikinsu kuma akwai waɗanda aka manta da su, ba a koyar da su, ba safai ake jin su a faifai ba, suna nan jibge a ɗakunan ajiye littattafai ƙura na cin su. To shin daidai ne mai goge ya ɗauko irin wannan takarda, wadda bai taɓa gani ba kuma bai taɓa jin sautinta ba, ya ɗora ta a gabansa ya ce zai kaɗa ta nan take? Malamai da yawa sun ce ɓata lokaci ne, har ma da ɓata hannu. Ni kuwa a nawa ɗan ƙaramin sanin, ina ganin aiki ne da in aka daina yin sa, za a yi asarar da ba za a iya mayarwa ba.

Kafin in shiga hujjojina bari in share fage, saboda wanda bai san harkar ba. Turawa suna rubuta kiɗansu ne a takarda kamar yadda muke rubuta labari. Ana ja layuka biyar a jere, a riƙa ɗora ɗige-ɗige a kansu da tsakankaninsu. Inda ɗigo ya zauna shi ke nuna kaurin sauti ko sirantakarsa, siffar ɗigon kuma ita ke nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Asalin wannan tsari ana danganta shi ga wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Guido na garin Arezzo, wanda ya rayu a ƙarni na 11. Mutanen Italiya suna da kalma ta musamman ga wanda ya kaɗa takarda a karon farko da idonsa ya sauka a kanta, ma'anarta ganin farko, shi ya sa ni ma zan riƙa kiran abin kiɗan ganin farko.

A kan fiyano abin da ɗan sauƙi ta fuska guda, domin kowane sauti yana da mazauninsa ɗaya tak, ka danna nan ya fito. Goge ba haka yake ba. Tsirkiya huɗu gare shi, kuma wuyansa sumul yake, babu irin ƙarafunan nan da ke gindaye a wuyan jita su nuna maka inda za ka sa yatsa. In yatsanka ya goce da faɗin ƙwayar gero, sautin ya karkace, kowa kuma zai ji. Bayan haka, sauti guda ana iya samun sa a kan tsirkiya biyu ko uku, a wurare dabam-dabam, saboda haka kafin mutum ya kaɗa ɗigo ɗaya sai ya yanke shawarar a wace tsirkiya, da wane yatsa, kuma wannan shawara ta dogara ne ga abin da ke tafe a gaba wanda bai kai gare shi ba tukuna. Hannun dama kuma yana can da nasa lissafin, baka zai yi sama ne ko ƙasa, izgar da ta rage za ta isa ko ba za ta isa ba. Sai kuma babbar magana: ɗan katakon da ke ɗage tsirkiya, wanda masu gogenmu na gida ke kira jaki, a lanƙwashe yake, don haka baka ba ya iya zama a kan tsirkiya huɗu lokaci guda. Amma mawallafan nan sai su rubuta sauti uku ko huɗu a tsaye kan juna, su bar mai goge ya san dabarar da zai yi ya karya su ta yadda kunne zai ɗauka tare suka fito.

Yaya ake yi mutum ya iya duk wannan a ganin farko? Masana sun bincika. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, John Sloboda, ya riƙa ba makaɗa takarda suna kaɗawa, sai kwatsam a ɗauke ta daga ganinsu, a ƙirga ɗigo nawa za su ci gaba da kaɗawa daidai. Ya tarar ƙwararru idonsu na gaban hannunsu da kusan ɗigo bakwai, marasa ƙwarewa kuwa kusan huɗu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ƙwararrun ba ɗigo ɗai-ɗai suke gani ba, jimla suke gani, kamar dai yadda kai mai karatu ba ka tsayawa kana haɗa baƙi da wasali in ka ɗauki littafin soyayya, da ka hangi farkon jimla ka san inda za ta faɗa. Akwai wani labari da ya shahara a kan haka. Wani malamin kiɗa a Amurka, Boris Goldovsky, ya ji wata ɗalibarsa mai rauni ta kaɗa wani sauti a karkace cikin wani kiɗan fiyano na Brahms, ya ce ta gyara, ita kuwa ta nuna masa haka aka buga a takardar. Da aka duba, ashe kuskuren ɗab'i ne da ya daɗe a wurin, gwanaye sun yi ta wucewa ta kansa suna kaɗa abin da ya kamata a ce an rubuta, ba su taɓa lura ba. Ita da take bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya ita ce ta gan shi.

To ka ga ke nan ƙwarewa a ganin farko rabinta sabo ne, mutum yana hasashen abin da ke tafe saboda ya sha ganin irinsa. Nan ne kuma gizo ke saƙar, domin kaɗe-kaɗen da muke magana a kansu su ne ainihin waɗanda ba su bin hanyar da aka saba. Ba ka taɓa jin su ba balle kunne ya ja ka, hannunka bai san siffofinsu ba balle ya yi gaba da kansa. Gwani da ɗan koyo duk sai su koma bin ɗigo ɗai-ɗai kamar ɗalibar Goldovsky.

Hujjar malaman da ke hanawa ba ta banza ba ce, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa hannu yana da riƙo, abin da ya fara yi shi yake kamawa. In ka bi ta kan shafi mai wuya da gudu, kana sa yatsa inda ya samu, kunnenka zai saba da sauti karkatacce har ya daina damun ka, kuma cire wannan sabo ya fi koyon sabon abu wuya. Suna kuma maganar lafiyar jiki. Irin waɗannan takardu cike suke da wuraren da ake buɗe hannun hagu iya buɗewa, ɗan ali yana can ƙasa ƙaramin yatsa yana can sama, kuma mutumin da ke cikin fargabar abin da ke tafe ƙanƙame wuyan gogen yake yi ba tare da ya sani ba. Ciwon jijiyar hannu da na kafaɗa sananne ne a cikin masu wannan sana'a, akwai waɗanda ya raba su da ita ɗungurungum. Sannan suna cewa raini ne ga mawallafi, mutum ya ɓata shekara yana tsara abu, kai ka zo ka tattake shi cikin minti goma ka ce ka san shi. Duk na ji, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Sai dai akwai tambaya guda da ban ji sun amsa ba. In an ce kada a taɓa takarda sai wadda malami ya koyar, malamin kuma ba ya koyar da komai sai abin da nasa malamin ya koya masa, to ta wace ƙofa abin da aka manta zai dawo? Littafin labari ko ba a karanta shi da ƙarfi ba, kowa na iya buɗewa ya gane. Takardar kiɗa kuwa bebiya ce, ba ta da murya sai wani ya ara mata hannunsa. Ƙalilan ne ƙwarai ke iya duban shafi mai sarƙaƙiya su ji shi a cikin kansu. Ga sauran jama'a, kiɗan da ba a kaɗa ba daidai yake da wanda ba a rubuta ba. Babu kuma mai goge da zai sadaukar da wata shida ga takardar da bai san ko tana da daɗi ba, dole sai ya fara leƙawa, leƙawar nan kuwa ita ce kiɗan ganin farko, da tuntuɓensa da komai.

Wanda ke shakka ya dubi tarihin abubuwan da yau ake rantsuwa da su. Johann Sebastian Bach ya kammala kaɗe-kaɗensa shida na goge tilo a 1720, yana aiki a fadar wani ɗan sarki a garin Köthen na ƙasar Jamus. Ba a buga su gaba ɗaya ba sai 1802, shekara 82 ke nan, shi kuwa ya rasu tun 1750. Ko bayan an buga su ma, an daɗe ana ɗaukar su a matsayin atisayen ɗalibai, abin da bai dace da zauren taro ba. Har manya irin su Mendelssohn da Schumann suka ga kamar goge shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin ba, suka rubuta masa rakiyar fiyano. Sai da Joseph Joachim ya dage yana kaɗa su tsurarsu a gaban jama'a, sannan daga baya Yehudi Menuhin ya naɗe su duka a faifai tsakanin 1934 da 1936. Haka kaɗe-kaɗen nan 24 na Niccolò Paganini da aka buga a birnin Milan a 1820, waɗanda yau kowace gasa sai an tambaye su, ba a naɗe su duka a yadda ya rubuta su ba sai a 1947, a hannun Ruggiero Ricci. Abin da nake so a lura da shi, duk waɗannan sun taɓa zama takardun da ba a sani ba masu tsananin wuya, kuma da an bi shawarar kada a taɓa, da har yanzu suna cikin akwati.

Waɗannan su ne suka tsira da wuri. Akwai wani Bajamushe, Johann Paul von Westhoff, da ya buga nasa kaɗe-kaɗen shida na goge tilo a birnin Dresden a 1696, wato shekara 24 kafin na Bach, kuma su biyun sun zauna gari ɗaya, Weimar, a 1703, lokacin Bach yana saurayi. Littafin nan ya ɓace wa duniya ɓat, sai a shekarun 1970 wani manazarci ɗan ƙasar Hangare ya fito da shi aka sake bugawa. Abin dariya a nan, Westhoff bai yi amfani da layuka biyar da kowa ya sani ba, layuka takwas ya ja, don ya samu wurin jera muryoyinsa. Mai gogen yau in ya buɗe hoton ainihin bugun, idonsa da ya shekara ashirin yana sabawa da layi biyar sai ya rikice kamar an miƙa wa ɗan boko wasiƙar ajami mara wasali.

Na Heinrich Biber ma ya fi ban mamaki. Shi ɗan yankin Bohemiya ne da ya yi aiki a birnin Salzburg, kuma wajen 1676 ya rubuta wasu kaɗe-kaɗe goma sha biyar na goge da rakiya, ya rufe su da na goma sha shida wanda goge ne shi kaɗai. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana ɗakin karatu na birnin Munich, ba a kuwa buga shi ba sai 1905, bayan fiye da shekara ɗari biyu. A cikin goma sha biyar ɗin nan, kowanne da irin ɗaurin tsirkiyarsa, na farko ne kawai ke kan ɗaurin da aka saba. A na goma sha ɗaya har sai an ɗauki tsirkiya biyu na tsakiya an gicciya su, wannan ta koma mazaunin waccan. Kuma abin da aka rubuta a takardar umarni ne ga yatsa, wato sa yatsanka inda ka saba sawa in ka ga wannan ɗigo, amma sautin da zai fito dabam ne da wanda idonka ya gani. In ka karanta shafin a zuci shirme za ka ji. Sai ka ɗaure tsirkiya yadda ya ce, ka ɗora baka, sannan kiɗan zai bayyana. Wannan kam ko gardama babu, takarda ce da ba ta da wata hanyar saninta sai a kaɗa ta ba tare da an san abin da zai fito ba. Na ƙarshen kuwa, na goge tilo, an gina shi ne a kan sauti huɗu kacal masu gangarowa, ana maimaita su sau 65, sauran kiɗan yana yawo a samansu. Duk wanda ya tambaye ni inda zai fara, nan nake tura shi, domin shafin farko yana karɓar baƙo hannu bibbiyu kafin ya fara nuna masa haƙora.

Amma in ana maganar wuya tsagwaronta, sunan da masu goge ke ambata suna girgiza kai shi ne Heinrich Wilhelm Ernst, haifaffen birnin Brno a 1812, ya rasu a 1865. A zamaninsa ana jera shi da Paganini, yau kuwa in ka fita daga cikin masu sana'ar da wuya ka sami wanda ya san shi. Ana ba da labarin cewa yana saurayi ya riƙa bin Paganini gari-gari, har yakan kama ɗaki kusa da nasa don ya saurare shi ta bango, ya kuma kaɗa wani kiɗan Paganini da ba a buga ba tukuna, da ka, daga ji kawai. Wannan bawan Allah ya ɗauki wata shahararriyar waƙa ta Schubert, wadda aka ɗora a kan baitocin Goethe, ya mayar da ita ta goge tilo. Ku masu son labari ga abin da waƙar ta ƙunsa: uba ne ke sukuwa a kan doki cikin dare rungume da ɗansa, yaron yana ganin wani sarkin aljanu yana kiran sa da daɗin baki, uban yana ce masa hazo ne, iska ce, har suka isa gida yaron ya cika a hannunsa. A asali mawaƙi ɗaya ne ke yin muryar mai ba da labari da ta uba da ta ɗa da ta aljani, mai fiyano kuma yana yin sukuwar dokin. Ernst ya tattara duka biyar ɗin ya ɗora wa yatsu huɗu da baka ɗaya. Sukuwar ba ta tsayawa, a cikinta uba zai yi magana a tsirkiya mai kauri, aljani kuma ya amsa da wani siririn sauti kamar fito, wanda ake samu in an ɗora yatsa a kan tsirkiya ba tare da an danna ba. A wani aikin nasa kuma, na ƙarshe cikin darussa shida da ya sadaukar ga manyan masu goge shida na zamaninsa, akwai inda baka ke shara tsirkiya huɗu sama da ƙasa, a lokaci guda kuma yatsun hagu, waɗanda ke riƙe da sautukan, su ne za su riƙa tsinkar tsirkiya suna fitar da amon waƙar.

Ni ɗan koyo ne da ya fara da girma, kuma ba na sa ran zan taɓa kaɗa shafi ɗaya na Ernst yadda ya kamata har in koma ga Mahaliccina. Duk da haka na sha buɗe shi, in bi layi biyu ko uku a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. Abin da na samu a nan faifai bai taɓa ba ni shi ba. A faifai gwani yana ɓoye wahalar, ka ji abu sumul. Da hannunka kuwa sai ka gane dalilin da ya sa ya ajiye muryar uba a wannan tsirkiya, da yadda ya bar yatsa ɗaya a sake daidai lokacin da za a bukace shi. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk abin da aka manta zinariya ne. Wallahi akasarinsu an manta da su ne don sun cancanci mantuwa. Ƙarni na 19 ya cika da masu goge da suka ga Paganini ya yi suna da kuɗi, kowa ya zauna ya rubuta nasa abin burgewa, shafi baƙi ƙirin da ɗige-ɗige, in ka kutsa ciki ka tarar fanko ne, tsalle-tsalle kawai babu magana. To amma wa zai tantance? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kiɗan ganin farko shi ne rariyar, ka bi ta kan goma ka watsar da tara. Dubi Max Reger, wanda ya rubuta sonata goma sha ɗaya na goge tilo, huɗu a 1900, bakwai a 1905, ban da wasu gajeru masu yawa. Mutane sun yanke masa hukunci a dunƙule cewa kwaikwayon Bach ne mai nauyi, alhali mafi yawan masu faɗin haka ba su buɗe ko uku daga ciki ba. Ni na buɗe, kuma ra'ayina shi ne wasu sassan hakika suna da gajiyarwa, amma akwai sassa masu tafiya a hankali da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da abubuwan da ake ta maimaitawa a kowane taro.

Inda nake rabuwa da wasu masu goyon bayana shi ne wajen mayar da abin gasar nuna isa. Tun da can akwai wannan ɗabi'a. Ana ba da labarin Paganini yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi birnin Parma wurin wani malami, Alessandro Rolla, aka tarar malamin na kwance ba lafiya, yaron ya ga sabon kiɗan malamin a kan tebur ya ɗauki goge ya kaɗa shi nan take, har mara lafiya ya taso ya leƙo ya ga wane ne. Haka a 1870 a birnin Rum, Franz Liszt ya kaɗa babban kiɗan fiyano na Edvard Grieg daga rubutun hannu a ganin farko, mai shi yana tsaye yana kallo. Irin waɗannan labarai suna da daɗin ji, amma sun ɓata tunanin matasa, sun sa ana auna abin da yawan ɗigon da aka cafke. Yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu, sai ka ga yaro ya ɗora Ernst a gabansa yana ta kokawa don a ce ya iya, ko ya yi ta yamutsa fuska don a yi dariya. A nan kam malamai sun yi gaskiya, raini ne. Leƙa takarda aiki ne na cikin ɗaki, tsakanin mutum da mawallafi, kamar gaisuwar farko da baƙo.

Hukuncin ganin farko kuma ba a rufe littafi a kansa. Menuhin da kansa, wanda ya nemi Béla Bartók ya rubuta masa sonata ta goge tilo, ya faɗa daga baya cewa da ya fara ganin takardar a 1944 ya ɗauka kusan ba za ta kaɗu ba. A watan Nuwamba na wannan shekarar ya kaɗa ta a birnin New York, yau kuma ɗalibai ne ke kai ta jarrabawa. Wani misalin ya fi wannan tsanani. Ba'amurken nan John Cage ya fara rubuta wasu darussa 32 na goge tilo a 1977, inda ya riƙa ɗora takarda a kan taswirar taurari yana kwafe mazauninsu, yana kuma jefa ƙuri'a don yanke yadda kowane sauti zai kasance. Sakamakon shi ne babu wani ɗigo da ke nuna maka na bayansa, kowanne da ƙarfinsa da irin jan bakansa, wato an kashe hasashe gaba ɗaya, an kashe jarin mai ganin farko. Paul Zukofsky, wanda aka rubuta dominsa, ya ce wasu wuraren ba su kaɗuwa, Cage ya ajiye aikin a 1980. Sai ga Irvine Arditti na Ingila ya ɗauki waɗanda aka gama ya kaɗa su, har da sauri fiye da yadda aka zata, abin da ya sa Cage ya koma kan aikin a 1989 ya kammala a 1990. Shi Cage da gangan ya tsananta, yana ganin duniya cike take da matsalolin da ake cewa ba su da mafita, don haka mutum ɗaya da ya tsaya a gaban jama'a ya yi abin da aka ce ba ya yiwuwa ya ba da misali. Irin wannan takarda, na yarda, ganin farko ba zai gaya maka komai game da daɗinta ba, iyakarsa ya nuna maka tsawon dutsen da za ka hau.

Saboda haka ga yadda nake ganin za a raba gardamar, kuma haka nake yi. A fara da ido kafin hannu, a duba shafin daga sama har ƙasa, a ga inda ya fi duhu. A ɗauki tafiyar da ta yi rabin wadda aka rubuta, ko ma ƙasa da haka, a riƙe ta kada a tsaya gyara. Inda sauti huɗu suka taru kuma hannu ya ƙi, a kaɗa na sama da na ƙasa a wuce, domin abin da ake nema shi ne a ji inda maganar ta dosa. Da zarar hannun hagu ya fara ƙanƙamewa a ajiye, ko da minti biyar aka yi. Bayan an gama kuma a koma ga atisaye mai sauƙi a hankali, don kunne ya wartsake daga karkatar da ya sha. Wanda ya yi haka sau ɗaya a mako bai ɓata hannunsa ba, kuma a shekara ya gaisa da takardu hamsin da abokan karatunsa ba su san da su ba.

Uzurin rashin samu ma ya ƙare. A da sai mai hali ne zai je Munich ko Dresden ya roƙi a buɗe masa akwati. Tun 2006, lokacin da wani ɗalibin kiɗa mai suna Edward Guo ya kafa rumbun IMSLP a intanet, takardun da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suka zama na kowa. An rufe rumbun a 2007 saboda barazanar shari'a daga wani kamfanin ɗab'i, aka sake buɗe shi a 2008, yanzu kuma yana ɗauke da dubban ɗaruruwan takardu kyauta, har da Biber da Ernst da Reger. Duk da haka in ka duba jerin abin da ake kaɗawa a gasa da jarrabawa, Bach ne da Paganini da Eugène Ysaÿe, gobe ma su ne, jibi ma su ne.

Shi kansa Ysaÿe ɗin, ɗan ƙasar Beljiyam da ya rubuta sonata shida a 1923 bayan ya ji Joseph Szigeti ya kaɗa Bach, ya sadaukar da kowace ɗaya ga wani mai goge, ashe bai gama ba da mamaki ba. Kusan shekara ɗari bayan haka wani mai goge Bafaranshe, Philippe Graffin, yana bincike cikin rubuce-rubucen hannunsa a ɗakin karatu na makarantar kiɗa ta birnin Brussels, ya ci karo da wata sonata da marigayin ya rubuta ya ajiye bai ƙarasa kashinta na ƙarshe ba. Graffin ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, ya kaɗa ta a gaban jama'a, ya kuma naɗe ta a faifai. Littafin da take ciki kuwa yana ajiye a wannan ɗaki, a tsakiyar makarantar da ɗalibai ke kwana suna tashi da sauran shidan.

Mu kwana nan.